Ranar da Maigidana Ya Zauna a Bencin Mata

Tsufa ya kwashe min abubuwa da yawa daga kai, amma akwai rana guda da ba zan manta ba har in koma ga Mahaliccina.

A shekarun da Turawa ke naɗe tabarmarsu ne, muna zaune a Lolo, bakin Kwara. Tun da na yi ɓari a farkon aurenmu ciki ya ƙi shiga. Kullum mara na ciwo, ga wani ruwa mai wari da nake ɓoye wa ko uwata. Tsofaffi sun yi iya ƙoƙarinsu, wannan ta ce matsin kanwa, waccan ta ce hayaƙin saiwa. Na tsuguna a kan kasko har gwiwa ta gaji, abin sai gaba yake yi. Ƙannena duk suna goyo, ni kuwa aikina a gidan suna shi ne tuƙa tuwo.

Wata mai kawo manja kasuwarmu daga Dahome ce ta ba ni labarin wata ma'aikaciyar jinya a tsallaken iyaka. Maigidana masunci ne, sai ya sa ni a kwalekwalensa ya kai ni. Ya tsaya a bakin ruwa yana ɗinkin taru tare da wasu masuntan garinmu, don ranar ta duba mata ce a asibitin.

Ma'aikaciyar 'yar ƙabilar Dendi ce, Hausarta a karye, amma hannunta da taushi. Ta duba ni, ta shafa ruwan a ɗan gilashi, ta sa a madubin likita ta ce in leƙa. Na ga ɗigo-ɗigo kamar tsakin gero. Ta ce ƙwayoyin cuta ke nan, su ke lalata hanyar mahaifa har ta toshe, kuma allura na kashe su.

"Amma kira mijinki," in ji ta. "In na yi maki ke kaɗai, gobe zai mayar maki da su."

A zamaninmu wa ya isa ya ce namiji na da hannu a rashin haihuwa? In ya ƙi, shi ke nan, na koma gida da cutata. Na gangara bakin ruwa na same shi.

"Maigida, likita tac ce sai kai ma an yi ma allura."

Na yi ƙasa da murya, amma wani ya ji. Ya tuntsire da dariya ya ce, "To, ashe kai ka ɗaukar cikin!"

"Ni lahiyata lau," in ji maigida, fuska a ɗaure. Ya daɗe yana kallona, ni kuwa hawaye sun riga sun tona min asiri. Sai ya naɗe tarunsa ya miƙe. "Mu tai."

Ƙato guda, mutumin da ba ya tsoron dorina, ya zauna a benci a tsakiyar masu ciki yana ta gumi. Wata tsohuwa ta leƙo fuskarsa ta ce, "Ɗana, naka wata nawa?" Benci ya kwashe da dariya. Ya ce, "Inna, yanzu munka fara." Da allura ta shiga kuwa, ihun da ya yi sai da na rufe fuska. Haka muka yi ta komawa har aka gama, yana tuƙi a zaune a gefe ɗaya saboda zafin allura.

Ma'aikaciyar ba ta yi min alkawarin komai ba. Ta ce cutar za ta tafi, haihuwa kuwa sai abin da ƙwayoyin suka bari da abin da Allah Ya rubuta. Ciwon ya tafi. Can baya Allah Ya ba mu ɗiya mace, ita kaɗai, ita ce uwar jikokin da ke hana ni barcin rana yanzu.

Masunta sun yi shekaru suna kiransa "mai jego", bai taɓa goranta min ba har ya rasu. Allah Ya jiƙansa, Ya saka wa ma'aikaciyar nan, baiwar Allah, da alheri. A kansu na koyi cewa cutar da ta shiga ɗakin aure ta mutum biyu ce, kuma mace ba ta warkewa sai mijinta ya yarda ya sha kunya tare da ita.