Wanda Zai Fito a Ɓarawo

Ba a daɗe da sauke tutar Turawa ba aka yi wa malaminmu canjin wurin aiki daga Kudan zuwa Ikara. Shi ne ya tara mu, samarin gari, ya kafa mana ƙungiyar wasan kwaikwayo. Kayanmu ba su taka kara sun karya ba: tabarmi biyu da muke ratayawa a reshen ɗorawa su zama labule, da gemun auduga, da wata yagaggiyar riga. Amma in muka sa wasa ranar Juma'a bayan la'asar, filin makaranta cika yake yi, har masu mazarƙwaila su zo su kasa kayansu.

Ranar da zai tafi ya ce ni ne shugaba. Na yi ta washe baki sai ka ce an naɗa mini rawani. A zatona shugabanci bai wuce tsara labari da daka wa mutane tsawa ba, kuma duka biyun na iya, musamman na biyun.

Wasan farko da na tsara na ɓarawon akuya ne. Da na zo rabon aiki, kowa yana son alƙali, kowa yana son mai unguwa. Da na ce wa zai fito a ɓarawo, sai kowa ya noƙe. Wannan ya ce yana neman aure. Wancan ya ce ubansa ladan ne. Wani ma duƙawa ya yi yana gyaran takalmi.

A nan na tuna cewa duk wasan da muka taɓa yi, Malam ne ke saka yagaggiyar rigar. Shi ne ɓarawo, shi ne mazambaci, shi ake kora da sanda. Mu muna cewa don ya fi mu iyawa ne. Ashe don ba shi da uba ko suruki a Kudan ne. Mutanenmu ba sa raba mutum da abin da ya fito ya yi. In ka saci akuya a fili ranar Juma'a, to ranar kasuwa ma ɓarawo ne kai. Yara kan bi Malam suna masa waƙa, shi kuwa sai dariya.

Raina ya ɓaci, na zage su tas, na ɗauki rigar na saka da kaina. Abin haushi, ranar wasan na yi ɓarawon da kyau. Har da rarrafe, har da toshe wa akuya baki.

Washegari na je sayen ƙosai wurin tsohuwar da nake saye tun ina ƙarami. Tana hango ni ta jawo faifai ta rufe kwanonta. Kafin azahar kawuna ya zo gidanmu, yana fita mahaifina ya kira ni zaure.

Na ce, “Baba, wasa ne fa.”

Ya ce, “Ni na san wasa ne. Kai za ka bi gari gida-gida kana gaya musu? Sunan da ka ɗauka ka birgima da shi a ƙasa ba naka ba ne kai kaɗai. Kana da ƙanne mata. Kada in sake ji.”

Ba ƙarya ya faɗa ba.

Muka gwada wasan da babu mugu a ciki, a kan tsabtace bakin rijiya. Mai unguwa ya yi umarni, kowa ya ce to, shi ke nan. Kafin mu gama rabin jama'a sun watse. Muka gwada wanda ake ba da labarin sata ba tare da an ga mai yin ta ba. Wani daga cikin 'yan kallo ya ɗaga murya ya ce, “To ina ɓarawon?” Aka kwashe da dariya, kuma ba irin wadda muke nema ba. Yarana suka fara janye jiki ɗaya bayan ɗaya, ina gani.

Na ari keke na bi ta Makarfi har Ikara. Na sami Malam a ƙofar gida, muka gaisa, ya tambayi kowa da kowa. Na ce, “Malam, ka taimake mu. Ko sau ɗaya a wata ka riƙa zuwa ka saka rigar nan, sauran aikin ni zan yi.”

Ya nuna mini wani zaure a tsallaken hanya. Ya ce, “Ka ga can? Gidan surukaina ne. Na bayansa na mahaifina. Nan garinmu ne, kuma yanzu 'yan kasuwa sun san hanyar gidana, labari ba ya kwana a Kudan. Ni kaina ban kafa ƙungiya a nan ba.”

Na ce, “To yaya zan yi?”

Ya ce, “Ka roƙi Allah ya kawo muku baƙo.”

Na tuƙo keken nan zuwa gida. An bar mini ƙungiya, amma abin da ke riƙe da ita ba abin da ake barin wa ɗan gari ba ne. Malamin da aka turo a madadinsa kuwa ɗan Hunkuyi ne, kakarsa 'yar unguwarmu. Damina ta sauka, kowa ya kama gona, ba mu sake taruwa ba.

Bayan kaka na koma wurin tsohuwar nan mai ƙosai. Ta dube ni ta ce, “Ɗan nan, yaushe za ku sake wasan? Wallahi ranar nan ka ba ni dariya har da hawaye. Gari ya yi shiru.”

Tana faɗa, hannunta yana danne da faifan a kan kwano.