Kwamfutar da Ta Kunyata Baba Yohanna

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da abokin aikina, kwamfuta na kujerar baya mun lulluɓe ta da bargo kamar mai jego. Wata masaƙa a Kakuri, cikin Kaduna, ce ta ɗauke mu shirya darasin kiyaye haɗari: tambaya ta fito a gilashi, ma'aikaci ya danna amsa. Kowane rami muka faɗa sai na waiga in duba kwamfutar. Tsadar ƙosan da muka saya a hanya ta sa abokina zagin gwamnati har Zariya.

Muna ƙetare gadar Kaduna sai ga ma'aikata a kan kekuna, jerin gwano. Manaja bai ɓoye mana ba: wanda bai ci darasin ba, ba zai hau sababbin injina ba, tsofaffin injinan kuma kwashe su za a yi. Sallama ke nan.

Samari suka yi caa a kan kwamfutar, danne-danne kawai, ko karantawa ba sa yi. Dattawa suka noƙe. Da ƙyar Baba Yohanna, mutumin Kafanchan da ya yi furfura a gaban injin saƙa, ya zauna. Yana kuskure kwamfuta ta ƙwala ƙara, yaran da ya koya wa aiki suka tuntsire da dariya. Ya miƙe ya fice. Wallahi na ji masa ciwo.

Da yamma na same shi a gidansa a unguwar Talabijin, matarsa ta cika ni da gwaten acca.

Ya ce, "Malam, ba tsoron kwamfutar nake ba. An yi mini dariya yau, gobe da wane baki zan ce wa yaro ya janye hannu daga bel ɗin inji?"

Washegari muka kashe ƙarar, muka ƙara girman rubutu, muka zaunar da su bibbiyu. Saurayi ya karanta ya danna, amma sai dattijo ya yarda. In an kuskure, laifin na su biyu ne. Masu gaggawar nan dole suka nutsu. Baba Yohanna ya ci, har yana mita wai yaron da aka haɗa su na cinye kalmomi.

Mun iso gida da magariba, a gajiye amma raina fes. Na koyo cewa dattijo ba ya jin darasi in ana taɓa girmansa. Ranar Litinin Baba Yohanna zai hau sabon inji.