Man Gyaɗa a Tukunyar Iska

Vandi direba ne a Mubi tun kafin ƙuri'ar raba gardama ta 1961. Landirobar Alhaji Ɗahiru yake ja, wani mai fataucin man gyaɗa a unguwar Lokuwa, kuma ba a taɓa jin motar ta mutu a hannunsa ba. Da wannan yake taƙama a tasha.

Motar tana da tukunyar iska, mai soson waya a ciki da baƙin mai a gindi, wanda ke kama ƙurar hanya kafin iska ta shiga kafireto. Da ta fara nishi a hawan Muchalla, Vandi ya ce a wanke soson da kananzir, a zuba sabon baƙin mai.

"Ga mai cike da gida zan sayi wani?" in ji Alhaji. "Zuba na gyaɗa. Ya fi ruwa-ruwa, iska za ta fi wucewa."

"Maigida, mota ba miya ba ce."

"Motarka ce ko tawa?"

Vandi ya zuba. Da farko motar ta ja da kyau, Alhaji ya yi ta yabon kansa a kasuwa. Daga baya zafin inji ya dafe man, ya zama danƙo, ya toshe soson. Wata ranar kasuwa motar ta mutu a Mayo Bani da kaya niƙi-niƙi. Da aka buɗe tukunyar, fasinjoji suka ce ƙamshin suya suke ji.

Alhaji bai jira dawowar Vandi ba. Ya je tasha ya ce Vandi ne ke sace baƙin mai yana zuba na gyaɗa. Da Vandi ya dawo, Alhaji ya karɓe makullin motar a gaban direbobi. A ranar suka laƙaba wa Vandi suna Mai Ƙosai.

Vandi ya bi masu motoci gida-gida yana bayani. Kowa ya saurara, ya yi dariya, ba wanda ya ba shi mota.

Yanzu, a 1974, itace yake faskarawa a bayan tasha. In aka ta da zancen, yakan dasa gatari a kututture.

"Wanda ya ce a zuba yana sahun gaba a masallaci, ni ne ɓarawo. Ka je ka tambaye shi, in ya isa ya rantse."

An tambayi Alhaji Ɗahiru. Ya ce bai tuna direban ba.