Mesoshin Tanti Esenam

Duk unguwar Aguwe, a bakin garin Lome, babu wanda bai san Tanti Esenam ba, babu kuma mai son ya tare mata hanya in tana sauri. Gajeriyar mace ce mai kaurin damtse, ga murya kamar ana yaga kwano. Shekara ashirin da uku ta yi tana aiki a gidan kiwon mesa na Papa Agbodan, inda ake ƙyanƙyashe ƙananan mesoshin nan da ke dunƙulewa in sun tsorata, a loda su a jirgi zuwa ga Turawa masu ajiye su a ɗaki kamar kyanwa.

A Tsebiye aka haife ta, ubanta mai haƙo mesa ne daga tsohon suri, kuma a wajensa ta koyi halin dabbar. Mesa tana son ɗumi, amma sai da wuri mai sanyi da za ta ja jiki ta koma in zafi ya ishe ta, da lungu mai duhu da za ta ɓuya. Shi ya sa akwatunan katako ta sa aka yi mata a rumfa mai shan iska, kowanne da fasasshiyar tukunya a kife a ciki da kaskon ruwa. Matan kasuwa ba sa son karɓar kuɗi daga hannunta, mijinta ma ya gudu tun da daɗewa, wai ba zai ci tuwon hannun da ke ɗaukar maciji ba. Ba ta taɓa nemansa ba.

Da Papa Agbodan ya rasu, ɗansa Elom ya dawo daga Jamus ya karɓi gidan. Esenam ta goya shi yana jariri, amma yanzu ga shi da gemu da tabarau, yana magana yana kaɗa makullin mota. Ya sa aka gyara wani ɗaki mai rufin kwano, ba taga, ya jera akwatunan gilashi goma sha huɗu, kowanne da ƙwan lantarki mai zafi a sama da faifan ɗumi a ƙasa. Nan, in ji shi, baƙi masu saye za su riƙa ganin kaya.

Esenam ta sa bayan hannunta a gilashin, ta janye.

"Elom, gasa su za ka yi? Ina barkonon?"

"Tanti, haka ake yi a duk duniya. Kin taɓa zuwa Jamus?"

"Mesar ce ta taɓa zuwa? Can ƙanƙara ke zuba. Nan watan Maris ne, ko ƙadangare inuwa yake nema. Ka kunna wuta sama da ƙasa, ina za ta gudu? Ina tukunyar ɓuyanta?"

"Wa zai sayi abin da ba ya gani? Ki bar ni da tukwanenki, don Allah."

Ya zaɓi mafi kyawun mesoshinta goma sha huɗu, har da wata mai ruwan zuma da ta yi shekara goma sha ɗaya tana rainonta, ya zuba su a gilashi. Ranar Asabar da safe ya kulle ɗakin, wai kada a taɓa masa tsari kafin baƙi su zo Litinin, ya jefa makulli a aljihu, ya tafi jana'iza a garin Palime.

Yinin ranar Esenam ta kira wayarsa ya fi sau goma, ba a ɗauka ba. Ta nemi ta kashe wutar daga waje, ta tarar akwatin wutar ma a cikin ɗakin yake. Ranar Lahadi tana coci amma ba ta ji ko kalma ɗaya daga bakin fasto ba. Ba a gama waƙa ba ta fice, ta hau acaɓa da kayan cocinta zuwa gidan mesar. Tana dafa ƙofar ƙarfen ɗakin ta ji kamar ta dafa murfin tukunya. Ta shiga maƙwabta ta fizgo taɓarya daga hannun wata mai dakan sakwara, ta dawo ta dinga dukan kwaɗon har ya tsinke.

Warin ne ya fara tarbar ta. Tara sun mutu, bakinsu a buɗe, sun manne da gilashi wajen neman hanyar fita. Mai ruwan zumar tana cikin kaskon ruwanta da ya ƙafe, ta sandare. Biyar na da sauran rai, cikinsu ya yi ja ya ɗuri ruwa. Ta kwashe su a zanenta ta kai inuwa, ta jiƙa su. Sannan ta koma da taɓaryar. Gilashi goma sha huɗu, ba ta bar ko ɗaya ba.

Da yamma Elom ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon tarkacen.

"Wa ya yi wannan? Kin san daga inda aka kawo gilashin nan?"

"Gilashi! Gawa tara a gabanka, gilashi kake tambaya? Na faɗa maka ko ban faɗa maka ba?"

"Tanti, ki iya bakinki. Ni ne mai gidan nan."

"Mai gidan uwar wa? Ni na wanke maka kashi a tsakar gidan nan! Ubanka bai iya karatu ba, amma bai taɓa dafa dabba da ranta ba. Shiga ciki in rufe ka, ka yi awa ɗaya kawai, in ka fito ka koya mini yadda ake yi a duniya!"

Maƙwabta suka cika ƙofar gida. Kunya ta kama shi, ya ce ta tattara nata ta bar masa gida. Ta ɗaure mesoshin biyar a buhu ta ɗora a ka, ta wuce ta gabansa.

A bayan ɗakinta ta yi jinyarsu, tana wanke ƙunar tana shafa man kaɗanya. Biyu suka mutu, uku suka yi saɓa suka warke, da tabo a ciki. Ta koma sayar da tuwon masara da miyar kuɓewa a bakin titi, masu ci kaɗan, don kowa ya san aikinta na da.

Bayan wata biyu ƙwayayen mesa suka fara ruɓewa a gidan Agbodan, kwando bayan kwando. Elom ya turo kawunsa ya ba da haƙuri, ta kore shi. Ya zo da kansa, ya cire tabarau, ya tsaya a rana. Ta bar shi a tsaye har ta gama kwashe tuwo.

"Ba don kai zan koma ba," ta ce. "Don ƙwan. Makullan gidan duka a hannuna, kuma ɗakin nan ka cire masa ƙofa."

Ya cire. Yau shekara biyu ke nan da komawarta, ƙwai na ƙyanƙyashewa, amma ko ina kwana ba ta haɗa su. In tana da magana da shi, sai ta juya masa baya ta faɗa wa bango da ƙarfi, shi kuma ya je ya yi.