Hotunan da Aka Goge wa Tsaga

Abubuwa da yawa na aikin nan sun fita daga kaina, amma ban da ranar da wata dattijuwa ta riƙe mini hannu a zauren taro, ta ce in nuna mata ubanta a jikin bango, ni kuwa na tsaya ina zare ido. Ku da kuka shigo aiki kwanan nan kun sha tambayata dalilin da ya sa hotunan zauren nan ba su da suna a ƙarƙashinsu. To, ga dalilin.

Ni 'yar Gangara ce. Ban shiga lakol, wato makarantar boko, ina yarinya ba, sai da na yaye ɗana na huɗu na je karatun manya. Da shara na fara a buron prefe, wato ofishinsa. Da aka ga ina karanta sunan da ke bisa takarda ba tare da na tambayi kowa ba, sai aka mai da ni planto, wato mai kai takardu daga buro zuwa buro, aka haɗa mini da makullin zauren taro.

Don wanda bai san tsarin ba: zamanin Turawa, mai riƙe da ƙasa sunansa kumandan. Bayan samun 'yancin kai a 1960, 'yan ƙasa suka hau kujerun, daga baya aka riƙa ce musu su-prefe, ko da yake talakawa ba su daina cewa kumandan ba. Yanzu prefe ne, gwamna yana samansa a Maraɗi. Duk wanda zai tafi, sai an yi bikin miƙa aiki: wakilin gwamna ya zo, mai tafiya da mai zuwa su sa hannu, a yi jawabi, a sha lemo.

A tsohon gini akwai hotunan waɗanda suka riƙe kujerar, a jere, babu suna, don a lokacin kowa ya san su. Har da na wasu Turawa da ba su taɓa zama a garin ba, rangadi kawai suke zuwa. Mun gaji hotunansu ne sa'ad da aka raba ƙasa. Da rufin ginin ya fara yoyo sai aka sauke su, aka jibge a mangaza, ɗakin ajiyar kaya, ginin kuma aka rushe shi.

Prefe na lokacin, da aka yi masa canji, sai ya ce kafin ya miƙa aiki yana so a mai da hotunan bango, daga na farko har zuwa kansa, a kuma gayyaci iyalan waɗanda suka rasu. Ya ɗora aikin a kan babban sakatare, Mushe Sumana (mushe shi ne malam a Faransanci), Bazabarme mai son abu tsaf-tsaf. Shi kuma ya ɗora a kaina.

Na fito da hotunan daga mangaza. Gara ta ci gefen wasu, ruwa ya bar tabo a wasu. Mushe Sumana ya duba ya yamutsa fuska.

“Madam Haju, wannan ƙazantar za mu nuna wa wakilin gwamna?”

“Tsufa ne, Mushe, ba ƙazanta ba.”

Bai saurare ni ba. Ya sa su a motarsa ya kai wa wani mai hoto a Maraɗi, wanda aka ce yana gyara tsohon hoto da na'ura ya koma sabo.

Saura 'yan kwanaki biki suka dawo. Gaskiya sun yi kyau, ni ma na ce masha Allah. Kowa cikin gilashi, kowa fuska sumul, huluna sun fito da launi. Sai Mushe Sumana ya miƙo mini guduma da ƙusoshi ya ce in jera su yadda suka gaji juna.

“Wa ya gaji wa?” na ce.

“Ai ke ce mai zaure.”

“Zaure aka ba ni, ba a ba ni tarihin mutanen ba.”

Sunayensu muna da su a takardun buro. Abin da ba mu da shi shi ne wace fuska ce ta wane suna. Na baya-bayan nan mun san su da ido. Na farko-farkon ne matsala. Sai aka tuna da Baba Nomau, tsohon gardi da ya yi shekaru yana tsaro a ƙarƙashin hotunan nan kafin ya ajiye aiki ya koma ƙauyensu wajen Gidan Sori. An ce yana jero su kamar yana karanta fatiha. Na hau kabu-kabu na je na ɗauko shi.

A hanya ya yi ta jero mini su. Bature mai gashin baki, Bature mai taba, sannan Bagobiri, sai wani Bagobirin, sai Babarbare mai zane har haɓa, sai Bazabarme, haka dai. Na ce alhamdu lillahi, aiki ya ƙare.

Muka shiga zaure. Na jingina hotunan a bango ƙasa-ƙasa. Baba Nomau ya bi su da sandarsa daga wannan gefe zuwa wancan, ya dawo. Ya goge idonsa da bakin rawani, ya sake bi.

“Ɗiyata, ina kumandodin?”

“Ga su gabanka, Baba.”

“Waɗanga? Waɗanga ai ɗiyan mutum guda ne. Ina Babarbaren? Ina Gobirawana biyu?”

Sai a lokacin na duba da kyau. Babu tsaga a fuskar ko mutum ɗaya. Mai hoton nan ya ga layuka a kumatun mutane, ya ɗauka tsagewar tsohuwar takarda ce, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya goge. Hancin ma kamar ya daidaita musu. Shi kuwa Baba Nomau bai taɓa ganin na farkon nan da ransu ba. A bango ya san su, tsofaffin gardawa suka koya masa, kuma da tsaga suka koya masa.

Na kira Mushe Sumana. Ya duba, ya ce ai ba komai, Turawan dai a fili suke, a fara da su.

“Wane Bature ne farko?” ya tambayi Baba.

“Mai gashin baki.”

Duka Turawan suna da gashin baki. Ko da can haka suke, ko na'ura ce ta raba musu, ban sani ba har yau.

“To wanda yake kusa da taga,” in ji Baba.

“Wace taga?”

“Ta tsohon gini mana.”

Mushe Sumana ya dafe kai. Ya buga wa mai hoto waya, aka ce ya tafi ɗaukar biki a Zinder, shagon a rufe. Ya juyo ya ce in jera su yadda na ga ya dace, wa zai sani. Na ce masa ni zan sani, kuma guduma a hannuna take, ba zan buga suna a ƙarƙashin fuskar da ban tabbatar ba. Muka yi ta yi har prefe ya jiyo mu ya fito. Da ya ji bayani sai ya ce a rataya su haka nan babu suna. Na rataya. Wanda hularsa ta fi kama da ta da, na sa shi gaba. Iyakar ilimin da aka yi aiki da shi ke nan.

Ranar biki zaure ya cika. Cikin baƙi akwai Hajiya Rabi daga Tibiri, dattijuwa mai tsagar Gobir raɗau a kumatu. Ubanta yana cikin 'yan ƙasa na farko da suka hau kujerar, a kanta kuma ya rasu, ita tana goye. Gidansu babu hotonsa ko ɗaya. Takardar gayyata ta ce za ta ga hoton mahaifinta, don haka ta zo da 'ya'ya da jikoki cike da mota.

Da ta ga Mushe Sumana ta gane Bazabarme ne, sai wasan taubasai ya tashi.

“Kai bawana, zo ka ɗauki takalmin uwargijiyarka.”

“Hajiya, Bagobiri ai sai da rakiya yake shiga buro, kar ya ɓata.”

Aka yi dariya. Ta ce to ya raka ta wajen ubanta. Mutumin nan sai ya tuna wakilin gwamna yana nemansa, ya nuna ni da baki ya sulale.

Ta kama hannuna. Muka bi bangon a hankali, tana ɗaga kai tana duba kowace fuska, tana shafa kumatunta da ɗaya hannun. Muka kai ƙarshe.

“Ɗiyata, an ce kin yi karatu. Wanne ne?”

Jikokin sun riga sun ɗaga wayoyi za su ɗauka. Da na nuna kowanne, da an tafa, da ta tafi da murna. Wata ma'aikaciya tana bayana tana taɓa ni, tana raɗa mini in nuna na uku kawai.

“Inna, ban sani ba,” na ce.

Na gaya mata abin da ya faru, ban rage komai ba. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta ce, “To,” ta nemi kujera ta zauna, har aka gama jawabai ba ta sake kallon bangon ba.

Ranar hutuna ta farko na shiga taksi zuwa Maraɗi. Na iske mai hoton ya dawo. Na tambaye shi tsofaffin hotuna, ya ce ya zubar, ai sun ruɓe. Abin da na gaya masa a shagon nan ba zan rubuta shi ba. Da ya ga mutane sun fara taruwa sai ya ce in dakata, kafin ya gyara kowane hoto yakan ɗauki kamanninsa na asali ya ajiye a na'ura. Ya buɗe. Ga su nan, da tabon ruwa, da cin gara, da tsagarsu.

“Wallahi Hajiya na ɗauka yagewa ce,” ya ce.

“Kai ɗan ina ne?”

“Nan garin.”

“Kakanka fuskarsa yagewa ta yi?”

Ya wanke mini su, na wuce wajen Baba Nomau. Yana gani ya fara gaishe su ɗaya-ɗaya kamar sun dawo daga tafiya. Ga Babarbare, ga Bazabarme. Ya ware biyu ya ajiye a tabarma.

“Ga Gobirawana. Ɗaya ya rasu bisa aiki, ɗaya ya gaje shi.”

“Wanne ya rasu?”

Ya ɗauki na dama, ya ajiye. Ya ɗauki na hagu. Tsaga iri ɗaya, hula iri ɗaya, shekaru kusan ɗaya.

“Kusa da juna suke a bango,” ya ce. “Kullum tare nake ganinsu. Ban taɓa raba su ba.”

Na zauna a tabarmar nan na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Daga nan na nufi Tibiri da hotuna biyu a jaka, ina ta shirya yadda zan ce wa Hajiya Rabi na rage mata ruɗani daga goma sha wani abu zuwa biyu.

Na same ta a tsakar gida ana sussukar gero. Na shimfiɗa mata su a cinya, na ce ɗaya daga ciki ne, amma babu mai rai da ya san wanne. Ta daɗe tana kallo. Ta bi tsagar wannan da yatsa, ta bi ta wancan. Matan gidan suka bar turmi suka kewaye mu, wata ta ce goshin na dama irin na Hajiya ne, wata ta rantse kunnen na hagu ne a kan autanta. Gardama ta kaure.

Hajiya Rabi ta ɗaga hannu aka yi shiru.

“Ku samo ƙusa biyu,” ta ce. “Ɗaya ya haife ni, ɗaya ya zauna inda ubana ya tashi. In na yi addu'a, Allah ya san nasa.”

Sabon prefe ya ga hotunan asali, ya ce masu gilashin sun fi kyau a idon baƙi, a bar su. Shi ya sa kuke ganinsu haka, sumul, babu suna, kuma ba na rantsuwa a kan jerinsu.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, a aikin gwamnati kujera ake tunawa, mutumin da ya zauna a kanta kuwa da wuri ake sakinsa, ko da kumandan ne. Mu ƙananan ma'aikata mu ake bar wa abin da ya rage nasu. In an ba ku tsohon abu ku gyara, ku nemi wanda ya san shi kafin ku taɓa. In kuma mai haƙƙi ya tsaya gabanku ya tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku buɗe baki ku ce ba ku sani ba, sannan ku tashi ku nemo masa iyakar abin da ya samu.