Kan da Ba a Naɗa wa Rawani Ba

Tsohon nan da ke tsaye gefen kaskon masarata a tashar jirgin ƙasa ta Gujranwala, ko ba a faɗa ba ɗan kokawa ne. Kunnuwa sun dunƙule kamar citta, wuya kamar turmi, riga wankakkiya amma ta sha jiki. 'Yan dako na cewa shekara goma sha biyu yana tada almajirinsa Shafkat da asuba, yana sa shi haƙar ƙasar filin kokawa, yana horar masa da zuciya, har ya zama zakara.

Ga jirgi, ga ganguna, ga Shafkat ya sauko da rawanin gasa a hannu. Wanda ya ciwo rawanin gasa, kan malaminsa yake ɗorawa, kowa ya sani. Tsohon ya cire hula, ya ɗan sunkuya. Shafkat ya wuce shi kamar turke, ya je ya naɗa wa wani mai tumbi da ya saya masa mota.

Na ce, "Ustad, mayar da hularka, rana za ta dafa ka saboda marar kunya."

Bai dube ni ba. Idonsa na kan ƙafafun Shafkat.

"Yaya, kin ga har yanzu yana jan ta hagu? Duk wanda ya lura zai kayar da shi. Wa zai gaya masa yanzu?"