Kuɗin Ruwa da Banɗakunan Ƙauyenmu

Saura sati uku a yi mini ganawar zama ƴar ƙasar nan da nake ci-rani a cikinta, wasiƙar ofishin haraji ta zo. Na buɗe ta a tsaye gaban akwatunan wasiƙu na gidanmu a Landover. Wai akwai kuɗin da na samu ban faɗa ba.

Ni da ko tikitin jirgin ƙasa ban taɓa ƙin biya ba.

Aikina kula da tsofaffi ne a Alexandria. Ɗan abin da nake ragewa ina ajiye shi a wata ƙaramar ƙungiyar ajiya, wadda masu ajiyar su ne masu ita. Duk shekara sai su ɗora mini kuɗin ruwa. Malamin da na tambaya ya ce in cire su kada in ci, kada kuma in nemi lada. A gina banɗaki da su ko a gyara hanya. Haka na riƙa tura wa yayana a ƙauye, yana gina banɗakuna da su. Bara kuma wani babban banki ya sayi ƙungiyar, aka raba wa kowane mamba kasonsa. Kuɗi ne masu kauri, amma zuciyata ba ta kwanta da su ba, su ma na tura. Takardun haraji da ake aiko mini kan kuɗin a farkon shekara kuwa kwandon shara nake zubawa. A ganina, abin da ban ci ba ai ba nawa ba ne.

Kwana biyu ban iya cin abinci ba. Na san a ganawar ana tambaya ko gwamnati na bin mutum haraji. Har na riƙa hango kaina a filin jirgi da akwati, ƴata mai shekara tara tana tambayata da Turanci ina za mu.

Na tafi Annandale wurin wani dattijo mutumin Kumasi mai cike wa mutane takardun haraji. Na zayyana masa komai, har da hoton banɗakunan a waya. Ya kalli hoton, ya cire tabarau.

"Hajiya, gwamnati ba ta san banɗaki ba. Da sunanki kuɗin suka shiga."

Haushi ya kama ni, amma tsoro ya fi haushin yawa. Na biya harajin har da kuɗin tara, dattijon ya ce in riƙe rasit ɗin da kyau. Sannan ya ba ni shawarar wani asusun tsufa da ba a cire haraji a kan ruwansa, sai dai ruwan ba a taɓa shi sai mutum ya kusa sittin.

"Baba, ruwan yana daina taruwa?"

"A'a. Wasiƙar ce za ta daina zuwa."

Ranar ganawar, jami'ar da ke ganawa da ni ta yi tambayar harajin. Na miƙa mata rasit. Ta duba, ta wuce tambaya ta gaba.

Washegari na buɗe asusun, don ba zan iya sake ganin irin ambulan ɗin nan ba. Yanzu shekarata arba'in da huɗu. Ruwan yana nan yana taruwa da sunana, ba ni da halin cire shi. Bayan kowace sallah ina roƙon Allah kada Ya ɗauki raina kafin in kai sittin in cire shi.